Filasma Mai Ƙaho

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijin yayata, Alhaji Mudi dillali, amma har yau in na shiga gidansa a Zurmi na tarar da tumaki a tsakar gida, dariya ce ke riga ƙwalla zuwa. Baƙo zai ce wane irin mutum ne wannan da ke tuna mamaci da dariya. To, ni ƙanen matarsa ne, wanda yake kira Tica. Wasa ne tsakaninmu tun ina ɗan makaranta, kuma mutuwa ba ta kashe wasa. Da ni na riga shi, na san ba zai raga mini ba.

Alhaji Mudi dillalin dabbobi ne a karar Shinkafi, kuma duk jarinsa ido ne. Daga nesa zai hango sa ya faɗa maka shekarunsa, da irin kiwon da ya ci, da ko an ɗura masa ruwa da kanwa don ya cika ido. Fulanin Jangeru ba sa sallama dabba sai ya duba. Kullum karin maganarsa ɗaya ce, ido ba mudu ba ya san kima, sai ya buga ƙirji ya ƙara da nasa: idon Mudi kam mudu ne.

Wannan idon ne ya fara yin yana, gani ya ragu. Kowa a gidan ya gani, ban da mai shi. Ya taɓa tsayawa a zaure ya gaida buhun gero har da tambayar iyali, da ya ji shiru ya ce mutanen zamani ba su da ladabi. A kara kuwa ya koma aiki da hannu, yana shafa dabba kamar mai neman kaska, yana cewa sabon salo ne. Wani malamin asibiti maƙwabcinsu ya gaya wa Yaya Hajo cewa ana cire yanar a Gusau mutum ya koma gani, amma in aka bar ta ta daɗe, abin na iya fin ƙarfin magani. Da ta kai masa maganar sai ya yi tsalle ya dire. Ranar da aka ji Mudi ya je asibitin ido, in ji shi, ranar ce za a daina kiransa duba ko akuya. Ya gwammace ya makance da sunansa. Ita kuma Yaya ta daina barci.

Tun da laifi tudu ne, sai ya taka nasa ya hango na talabijin. Yana da wata tsohuwa mai ƙatuwar ƙeya da yake kallon kokawar Nijar a ciki, abin da ya fi so a duniya bayan ciniki. Ya wayi gari ba ya gane wa ya ka da wa, har yakan yi wa wanda ke ƙasa kirari. Nan ya yanke hukunci cewa talabijin ta tsufa, hayaƙi ya cika mata ciki, filasma zai saya irin wadda ake mannawa a bango.

Yaya ta kira ni ɗaki ta ce, "Sale, kai shi. Ku bi shago shago, kar ka hana shi ko ɗaya. In ya ga duk talabijin ɗin duniya sun yi hayaƙi, wataƙila shi gane inda hayaƙin shike."

Yau in na tuna yawon da muka yi a tsohuwar motata, sai in ji kamar a wata ƙasa aka yi shi. Mu tashi daga Zurmi mu faɗa Shinkafi, mu juyo Kaura, ba don komai ba sai don neman abin kallo. Yanzu kafin mutum ya hau hanyoyin nan sai ya tambayi labari, ya yi addu'a, ya yafi na gida. Ban san me Alhaji zai ce ba da ya ga an wayi gari zuwa Shinkafi ya zama shawara. Mutum ne da bai san zama ba.

A Zurmi muka fara. Da aka sauko masa da filasma ya shafa gabanta, ya zagaya ya shafa bayanta, sai ya ja da baya. "Ina cikinta? Ina ƙeyarta? Abin da ba shi da ciki, ina shika aje 'yan kokawa?" Ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar kankana. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne jin cewa wadda ta fi sirantaka ita ta fi tsada. Ya ce shekara da shekaru yana ciniki, bai taɓa jin kasuwar da ramamme ya fi mai ƙiba daraja ba. Da aka kunna, ya matso har hancinsa na taɓa gilashi, ya ce ita ma hayaƙi.

A Shinkafi rigimar awo aka yi. Mai shago ya ce inci hamsin ce, Alhaji ya auna da taƙinsa ya ce ƙarya ne. Aka yi masa bayani cewa daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa ake aunawa, a karkace. Ya juyo ya dube ni, ko in ce ya dubi inda yake zaton ina tsaye, ya ce wato a auna sa daga tsinin ƙaho zuwa kofaton baya a ce tsawonsa ke nan. Da dillali ne ya yi haka da an kai shi gaban sarkin kasuwa. Ya tambayi ko tana cin wuta da yawa, yadda yake tambayar cin dabba. Aka nuna masa wata da ta shigo ta iyaka, rubutunta duk Faransanci, ya ce ba ruwansa da yarenta, ai 'yan kokawa ba surutu suke yi ba. Ita ma da aka kunna, hayaƙi. Muka fito yana tsine wa masu ƙera kaya na zamani, ni kuma na fara fid da rai da dabarar Yaya.

Shagon da muka shiga a Kaura na wani matashi ne, Nura. Dogon shago ne, talabijin jere a bango hagu da dama har ƙurya, duk suna nuna abu ɗaya. A bakin ƙofa akwai 'yan zaman benci, cikinsu har da direbobin hanyar Shinkafi da suka san Alhaji, suka gaishe shi da kirarinsa. Ya bi jerin yana taɓe baki, wannan hayaƙi, waccan kamar an watsa mata nono. Can a bangon ƙurya, tsakanin manyan filasma biyu, akwai taga mai baƙin firam da ba a kai ga sa mata gilashi ko ƙarfe ba. Ta bayanta tsakar gidan Nura ne, rana ta ƙwalle, ga wani ragon uda a ɗaure dab da bango, gabansa baƙi bayansa fari tas.

Alhaji ya ja ya tsaya. Fuskarsa ta washe irin yadda na daɗe ban gani ba.

"Yauwa! Ga talabijin! Tica, zo dibi uda. Baƙi baƙi na, hwari hwari na, ba hayaƙi ko kaɗan. Yaro, wagga inci nawa ta?"

Nura ya dube ni, na dube shi. Ragon ya ɗaga kai ya yi kuka, Alhaji ya ce murya ma ras, ba sai an ƙara ba. Ya matsa kusa, ya shaƙi iska, ya ce wallahi Nasara ya kai, har warin rago yake ji. Ni dai hankalina na kan bencin nan. Na san in dariya ɗaya ta fito daga shagon, kafin kasuwar Alhamis labari ya riga mu Shinkafi, kuma abin da yake gudu ya same shi ta hanyar da ta fi asibiti muni.

Sai talabijin ta zuro kai ta kama hannun babbar rigarsa tana tauna.

Alhaji bai motsa ba. A hankali ya ɗora tafinsa a kan ƙahon, ya shafa goshin, ya gangaro wuya. Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa. Can sai hannun ya tuna aikinsa. Ya buɗe bakin ragon ya lalubi haƙora, ya gyara murya yadda na benci za su ji, ya ce, "Shi nike taya tun ɗazu."

Nura ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Na sani, Baba. Tun da ka shigo na gane idon dillali na."

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, amma ranar na ga an naɗe ta da ciniki. Ragon na suna ne, matar Nura ta haihu, duk da haka ya sallama. Alhaji ya taya, ya yi fushi, ya yi kamar zai tafi, ya dawo, bai rage komai ba daga abin da dillali ke yi. Muka fito ta gaban 'yan benci suna cewa Mudi ke nan, ko shagon talabijin ya shiga sai ya hango dabba.

A hanyar komawa rago na kujerar baya yana hura mini ƙeya. Ni da ba na barin ko tuntuɓen Alhaji ya wuce ban tsokane shi ba, ranar na rasa bakin wasa. Da muka yi nisa sai ya yi magana, fuskarsa na waje. "Tica, asibitin nan na Gusau, shina da ƙohwar baya?"

Da muka iso gida Yaya ta fito tana jiran kwali, sai ta ga ina jan igiya. Ta dubi ragon, ta dubi mijinta, ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Ta riƙe dariyarta da kukanta wuri ɗaya ta ce, "Wagga ita a hilasmar?" Daga ranar sunan ragon Filasma.

An yi masa aikin ido a Gusau, Allah ya ba da sa'a. Ranar da aka cire bandeji, maganarsa ta fari ita ce tambayar Yaya yaushe ta yi furfura ba ta gaya masa ba. Ta biyu tawa ce, wai wa ya share mini tsakar kai. Da ya kunna tsohuwa mai ƙeya ya tarar lafiyarta lau, ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Duk da haka ya sa na mai da shi Kaura. Ya shiga shagon Nura ya nuna filasma ɗaya da sanda, aka faɗi kuɗi, ya biya. Ban taɓa ganin ya sayi ko allura bai taya ba sai ranar. Ya ce wanda ya rufa maka asiri ba a taya kayansa. Kafin mu fita ya leƙa tagar ya ce da Nura a sa mata gilashi, kada wani ya saye ta.

Asirin da muka rufe, shi da kansa ya tona shi a tsakiyar kara, kuma shi ya sa nake da bakin rubuta shi a jarida. Yana ba da labarin yana ƙara masa gishiri, har ta kai ragon ya karanta labaran duniya. Ba wanda ya daina kiransa duba dabba. Abin da ya ƙaru shi ne, duk tsohon da ya gani yana lalube, ko Bafulatani ko manomi, sai ya ja shi gefe ya ba shi labarin taga. In mutumin ya gama dariya, sai ya ce masa to gobe ka shirya. Shekarun da suka rage masa ya yi su ne yana jan tsofaffi zuwa Gusau, ta ƙofar gaba, har aka koma ce masa dillalin ido.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Jikokinsa na zaune a ƙarƙashin filasmar da ya sha wuya a kanta, kowa ya duƙufa a kan waya, ba mai ɗaga kai. Dillalan yanzu a waya suke tura hoton sa, a yi ciniki mai saye bai ji warinsa ba. Wannan kam na san amsarsa, zai ce gara shi, tasa talabijin ta ciji riga. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne kara da ta rage cika, da Fulanin da ya san shanunsu ɗaya ɗaya waɗanda tashin hankali ya watsa. Wataƙila Allah ya tausaya masa ne, ya buɗe masa ido ya ga mai kyau, ya ɗauke shi kafin ya ga sauran.

Filasmar bango ta yi layi a tsakiya, ba ta da sauran daɗewa. Mai ƙahon an daɗe da yin layya da shi, amma jikokinsa ne cike da tsakar gida, rabi baƙi rabi fari. Kuma har gobe a masallacin unguwa akwai tsofaffin da ke gane takalmansu da kansu saboda Mudi ya taɓa taya taga.

A watan jiya na je gaida Yaya, muna zaune ana kokawa, sai na ji bakina ya ce wannan filasma ta fara hayaƙi. Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Sale, in sa a kai ka Kaura?" Muka yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Na riga na karɓi katin asibiti. Abin da ke damuna kawai shi ne mutumin da zai riƙe mini hannu har ƙofar gaba, yana yi mini tsiya tun daga Zurmi, ba ya nan. Allah ya jiƙan Alhaji Mudi, ya haskaka masa kabarinsa, haske ba hayaƙi ko kaɗan.