Zanen da Aka Kai Marina

Ku ara mini kunnuwanku, 'ya'yana, in na gama zan mayar muku.

Jikata mai karatun ɗinki ce ta shigo gidanmu na Tottenham, nan ƙasar Turawa, da wani babban hoto, zanen mutanen Sweden na zamanin da. Ga saurayi da wando iya gwiwa, doguwar safa, malafa mai gashin tsuntsu. Ga budurwa an ɗaure mata ƙugu tamau, siket ya buɗe kamar akurki. Yana miƙa mata cokalin itace da ya sassaƙa, ita kuma hannunta ya tsaya a hanya. Jikata ta yi mini bayani da Turancinta, uwarta na juya mini: wai in yarinya ta karɓa ta soke shi inda jama'a za su gani, to ta yarda ke nan.

Sai na ji ƙamshin baban rini a hancina, ni da rabona da bakin marina tun ina da haƙora duka.

A ƙauyenmu ma haka ake yi, amma da zane. Saurayi zai aiko da saƙi. In budurwa ta ɗaura shi ran kasuwa, ta amsa. In ta fito da wani, ba sai an yi magana ba.

Akwai wani masaƙi, mai kunya, mai in'ina, da ke son yayata. Damina guda ya yi yana saƙa mata zane. Ran da aka kawo, yayata ta shige ɗaka ta kifa fuska a kai, ina jin dariyarta ta bayan asabari.

Kakarmu ta shafa zanen, ta ce aiki ya yi kyau, amma jikarta ba za ta amsa wa namiji da farin saƙi kamar marainiya ba. Ta kai shi marina a turo shi baƙi wuluk, a buge shi ya yi ƙyalli. Don ta girmama yaron ta yi. To, sallah ta gabato, rigunan manya sun taru wa mabuga. Kasuwa ta ci, zane bai dawo ba.

Yayata ta so ta zauna a gida. Kaka ta ɗora mata ƙwaryar fura, ta ce, "Kasuwa ba ta ƙarewa, 'yar nan. Zai gani a kasuwa ta gaba."

Ta fita da tsohon zanenta. Masaƙin yana tsaye gindin tsamiya, ya sa sabuwar taguwa. Ya dube ta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Kunya ta hana ta magana, kunya ta hana shi tambaya. Kafin kasuwa ta zagayo, ya bi fataken goro zuwa Gwanja. Bayan tafiyarsa zane ya dawo daga marina.

Masaƙi dai bai sake taka garinmu ba. An ce zazzaɓi ya ɗauke shi a can. Kaka ba ta ƙara bi ta hanyar marina ba har ta rasu. Yayata ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta tsufa, zanen yana ƙasan adakarta, ba ta taɓa ɗaurawa ba. Ni kuwa ɗana ya kawo ni nan, inda yara ke amsa wa juna a waya kafin a ƙifta ido.

A wayar aka gaya mini rasuwar yayata bara. Ta bar wasiyya a rufe makararta da zanen. Aka bi da ita ta gindin tsamiya, ranar kuwa kasuwa na ci.