Mutumin da Ya Hana Ni Shiga Ƙasar Ubana

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa a Gwiwa. Kowa ya san aminina ne. Amma kaɗan ne suka san cewa ranar da muka fara haɗuwa, korata ya yi.

A Sudan aka haife ni. Mahaifina mutumin Roni ne, ya tafi aikin hajji a ƙasa tun zamanin Turawa, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya zauna noman auduga har Allah ya karɓi ransa. Da arzikin man fetur ya buɗe, makarantu suna ta neman malamai, sai wata makaranta a Kazaure ta yi mini alkawarin aikin koyar da Larabci. Na ɗauko matata Asiya da 'yarmu ta goye, muka biyo ta Damagaram don mu gaida danginta, sannan muka sauka a kan iyaka, arewa da Babura. Ni dai a ganina gida na zo.

Malam Isiyaku shi ne babban jami'in shige da fice a wurin. Siriri ne, ba ya ɗaga murya. Ya duba fasfo ɗinmu, ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce aiki na samu, zama na zo yi.

Ya ce, "Malam, bizarka ta ziyara ce. Mai zama sai da bizar zama, da takardar ɗaukar aiki, da shaidar aure saboda maiɗakinka. Ba zan buga muku hatimi ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ofishin jakadancinku ne fa ya ba ni. Ubana ɗan Roni ne!"

"Ban musa ba. Biza ta kawo ka bakin ƙofa, buɗewa kuma a hannuna take. In na buɗe maka a kan wannan, na cuce ka."

Na fito raina a ɓace, Asiya na ta share hawaye da gefen mayafi. Akwai wani tela, Usmanu, da muka taho tare tun daga Sudan, shi ma aka mayar da shi. Wani direba ya yi mana raɗa cewa yana da hanya ta daji. Usmanu ya bi shi. Ni ma ina cikin shawara sai ga Malam Isiyaku ya fito, ya tambaye ni sunan makarantar, ya kuma haɗa mu da wani surukinsa a Magarya ya ce mu sauka a can. Ranar hutunsa ya hau babur har Kazaure, ya karɓo takardar aikin da hannunsa, ya aiko mini. Na tafi Yamai aka sauya mana biza. Da muka dawo ya karanta komai a nitse kamar bai taɓa ganinmu ba, ya buga hatimi, sannan ya miƙe tsaye ya ce, "Sannunku da zuwa gida."

Ban san girman abin da ya yi mini ba sai shekarar da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Usmanu ya riga ya yi shago a Kano, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Aka loda shi a mota, ya tafi ya bar su. Ni ma aka kira ni ofis. Aka juya takarduna gaba da baya, aka miƙo mini aka ce in koma bakin aikina. Na fito ina hamdala. Daga nan wurin Malam Isiyaku na wuce in yi godiya. Murmushi kawai ya yi, ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na'ura ce ke karanta fasfo, ana ɗaukar hoton yatsu, biza ma ta waya ake nema. Ina jin wannan zai burge shi, don mutum ne mai ƙin kwamacala. Abin da zai sosa masa rai shi ne samarinmu da suke sayar da gonar gado su bi 'yan hanyar daji zuwa ƙasashen da ba wanda ya san sunan ubansu. Zai kuma damu da jami'in da ya san yana da ikon hanawa, amma bai san ya nuna wa wanda ya hana inda zai bi ba. Shi duka biyun ya riƙe, gaskiya da ɗacinta da kuma maganinta.

Ya yi shekaru a bakin iyaka, inda wasu suka yi benaye, ya rasu a gidan ƙasa. Ba titin da ke ɗauke da sunansa. Amma Asiya tana kwance a maƙabartar Roni, kusa da kakannina, ba wanda ya taɓa cewa ta tashi. Jikokina suna zuwa makaranta a Kazaure, ba su ma san tsoron jin jami'ai suna ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ni ma in tawa ta zo, a nan za a rufe ni. Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya sa ranar da ya isa ƙofar da babu jami'i a bakinta, ya tarar da ita a buɗe.