Ƙofofin Ƙanena

Ni mai shimfiɗa tayil ne, ƙanena kuma aikin alminiyam yake yi, ƙofofi da tagogi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a unguwar Mansur da ke ƙasa mai tsarki aka haife mu, shekara shida na ba shi. Ni na fara kai shi wurin gini, ni na koya masa awo. Amma yau shi ne da shago da motar ɗaukar kaya, ni kuwa har yanzu gwiwoyina ne jarina. Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin ƙyashinsa, kuma abin ya fi ci na shekarar da muka yi aiki a bene ɗaya a unguwar Aziziyya.

Benen na wani dattijo ne, aminin marigayi mahaifinmu, hawa biyar, masaukin alhazai yake so ya mai da shi. Ya kira mu tare, aka kawo shayi, muka yi ciniki. Ni da bakina na ce masa, "Baba, ai tsakaninmu ba sai an rubuta ba." Ya ji daɗi, ya yi ta sa mini albarka. Ƙanena kuwa, ko kunya babu, sai ya zaro takarda daga jaka. A ciki ya rubuta cewa zai kafa firam ɗin ƙofofi da tagogi, amma gilasai da ƙofofi za su zauna a shagonsa, mallakarsa ne, sai ranar da aka cika masa kuɗinsa. Dattijon ya ɗaure fuska, ya sa hannu. A mota na wanke ƙanena tas, na ce ya zubar mana da mutunci a gaban mutumin da ya ɗauki gawar ubanmu. Sai kawai ya tambaye ni inda zai sauke ni.

Wata huɗu muka yi a durƙushe, ni da ma'aikatana uku, magidanta ne duka, shekaru muna tare. Kafin alƙalami kawai na karɓa, shi ma ya tafi a siminti da abincin rana. Duk sanda na yi wa dattijon maganar ciko, sai ya dafa kafaɗata ya ce bukra, wato gobe, insha Allahu. Ba mugu ba ne, kuɗin ne suka yi masa kaɗan, kuma wanda zai iya tsayar masa da gini shi yake fara sallama. Mai lif ɗin hawa bene ya karɓa, mai lantarki ya karɓa. Ni me zan riƙe? Aikina yana manne da ƙasa, a kansa ma yake tsaye yana ba ni haƙuri.

Bayan ƙaramar salla babban cikin ma'aikatan ya same ni, kansa a ƙasa. Ya ce mu'allim, haka suke kiran ubangidan aiki, masu gidajen haya sun matsa musu, in ba a biya su kafin aikin hajji ba za su koma wurin wani. Ban ga laifinsa ba. Amma in suka tafi na tashi daga mu'allim na koma lebura, domin ba mai ba mutum ɗaya aikin bene.

Sai na ce bari ni ma in gwada dabarar yaron nan. Na bar matakalar shiga ba tayil, na kwashe kayan aikina, na aika wa dattijon cewa sai na ga kuɗi. Kwana biyu ya ɗauko wasu suka lilliƙa masa, a karkace ma, ya biya su nan take. Ranar na bi ta gaban shagon ƙanena. Ga ƙofofin nan jere a jikin bango, kowace da lambar ɗakinta, shi kuma yana zaune yana shan shayi hankali kwance. Na wuce gida ban tsaya ba. Matata ta ce in je in gaya masa halin da nake ciki. Na ce ta bar maganar nan in tana son zaman lafiya, ni ba zan kai kukana wurin wanda na goya ba.

Da Zulƙida ta kama, lokacin duba masaukai ya matso, kuma ba mai ba da izinin sauke alhazai a gidan da ba ƙofa. Wata ranar Talata bayan la'asar dattijon ya kira ni. Ba shayi a wannan karon. Ya turo mini ambulan, kuɗina cif, bai ko dube ni ba.

"Na kai wa ƙanenka nasa tun shekaranjiya," in ji shi. "Ya ce ba zai ɗaura ƙofa ko ɗaya ba sai na sallame ka. Na ce ai babu wannan a takarda. Ya ce haka ne, amma ƙofofin suna hannunsa."

Na biya mutanena a ranar, ba wanda ya tafi. Babban nasu ya ƙirga nasa, ya sa a aljihu, ya ce Allah ya saka wa ƙanenka da alheri. Ashe har sun ji labari. Wata huɗu ina cin ƙura tare da su, addu'ar kuma ta tafi shagon alminiyam.

Washegari na shirya in je in yi masa godiya, har na tsara abin da zan faɗa a hanya. Na tarar da shi yana loda ƙofofi a mota. Ya sauko, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, bai ɗauko zancen ba. Na tsaya ina kallonsa, godiyar ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne, firam ɗin tagar hawa na uku a karkace yake.

"To Yaya, zan duba," ya ce.

Ni na shimfiɗa tayil a ƙarƙashin tagar nan, na sha ɗora mata ma'auni ina neman aibi. A miƙe take sak.