Ɗan Tsere a Tashar Mararaba

Rakiya mai waina tana kallon wani siririn mutum a tashar Mararaba. Motar Jos ba ta cika ba, shi kuwa ya ɗora ƙafa kan benci yana miƙa jijiyoyi, takalminsa duk faci. Da alama gwajin zaɓen 'yan tsere ne ya kawo shi Abuja.

Ya kara waya a kunne, ya ce: "Oga, shekara bakwai kana horar da ni, kuma ni na zo na ɗaya. Yaya ka ba ɗan ƙanenka gurbina?"

Aka katse wayar.

"Malam, zo ka ci waina," in ji Rakiya.

"Na gode, Mama, ban gama atisaye ba."

Ya share ido, ya shiga zagaya tashar da gudu.