Wa ya kafa telen garinmu?

Shekara biyar ke nan da rasuwar babana, Mushe Illiya, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Konni. Mushe dai shi ake ce wa malamai a nan. Ban yi niyyar rubuta komai ba, addu'a ta ishe mu. Amma makon jiya ƙaramar tashar telen garinmu ta yi shiri a kan tarihinta. Na zauna na kalla daga farko har ƙarshe, ba wanda ya ambaci sunan Baba ko sau ɗaya. Wai Alhaji Mamman mai motoci ne ya kafa ta. Haba!

Ina aji uku a kwaleji Baba ya shigo da wata tsohuwar na'urar watsa hoto daga Sakkwato, ya yi wata biyu yana gyaranta a zaurenmu. A kan soronmu aka kafa ƙarfen eriya, ni na riƙe tsani. Ranar Lahadi sai ya ɗaure kamara a bayan babur, ya tafi Tsarnawa ɗaukar kokowa, ko Badagishiri wajen masu lambu. Washegari da marece mutane su cika gidajen masu tele don su ga kansu.

Kuskurensa ɗaya ne. Ma'aikacin gwamnati ne, ya ji tsoron sa sunansa a takardar izni, sai ya roƙi amininsa Alhaji Mamman ya sa nasa. Inna ta ce su rubuta wani abu tsakaninsu. Baba ya ce kunya ce mutum ya nemi sa hannun wanda suke cin tuwo kwano ɗaya. To, ga inda kunyar ta kai mu. Bayan addu'ar arba'in 'ya'yan Alhaji suka zo da kura, suka kwashe na'ura da kamara da kwalin kasusuwan bidiyo, wai za su adana.

Da Baba zai ga tashar yau, me zai ce? Na san shi. Ba zai yi zancen suna ba. Zai ce hoto na rawa, zai tambayi dalilin da ya sa aka daina zuwa ƙauyuka, sai tallar motoci da fina-finai. Inna ma haƙurin nan nasa take so in yi. Ni ban gaje shi ba.

Shekaranjiya na je buron tashar, wato ofishinsu, na sami Sahabi, babban ɗan Alhaji. Na ce ban zo karɓar tasha ba, su faɗi sunan Baba kawai, su ba ni kasusuwansa.

Ya ce, "Ƙanwata, kasusuwan ai mun ɗora wasu shirye-shirye bisansu tun bara."

Na ce, "Yaya Sahabi, har da muryarshi?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Batun suna kuwa, mu abin da takarda ta ce shi muka sani."

Me ya rage ke nan? Muryarsa an goge, na'urarsa na hannun wasu, dattawan da suka ga farkon abin kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Idan suka ƙare, maganar Sahabi ce za ta zama tarihi. Tunda takarda kaɗai ake ji, jarida ma takarda ce, ga tawa: Mushe Illiya ne ya kafa telen Konni a zauren gidansa. Wanda ya san ba haka ba ne, ya rubuto, ya sa sunansa a ƙasa. Allah ya jiƙan Baba.