Yadda Kulu Ta Yaye Tasalla Daga Hotuna

A Wagini, in yaro ya isa yaye ba a doguwar shawara, gidan Kulu ake kai shi. Da jikokinta ta fara, sai 'ya'yan maƙwabta, har Fulanin Ruma suka riƙa goyo nasu suna kawo mata da ƙwaryar nono ta gaisuwa. Gajeriyar tsohuwa ce mai dariyar da ake jiyowa tun daga bakin rijiya. Kayan aikinta biyu ne: maɗacin da take ba uwa ta shafa a nono, da wani kunu da ba wanda ya san abin da take zubawa a ciki. Yaro zai zo yana tsala ihu, ya koma gida da kumatu, uwarsa ta miƙa hannu ya juya mata ƙeya. Kulu kuwa ba ta iya ɓoye alfahari ba. Ko a gidan biki sai ta nuna wani ƙato mai gemu ta ce, "Wancan ma ni na yaye shi."

A shekarun da arzikin mai ya shigo, aka ce kowane yaro ya shiga boko kyauta, sai aka kawo mata yayen da ba ta taɓa gani ba. Autanta Salmanu ne ya zo daga Darini ana cikin hutu, da ɗiyarsa Tasalla a kan jaki. Tasalla tana aji uku, tana son makaranta kamar ranta, amma karatun nata na wayo ne. In ta ga zanen rago ta ce rago, in ta ga tulu ta ce tulu. A ba ta shafin da ba hoto, sai ta yi tsit tana sosa ƙafa.

"Inna, malaminsu ya ce in an koma ba ta karanta shafi ba, ba za ta wuce aji ba," in ji Salmanu. "Ni kuwa in haka ne hidda ta zan yi. Gonar wake na son hannu."

Tasalla ta ƙanƙame littafin hotunanta, idonta ya kawo ruwa. Kulu ta dube ta, ta dubi littafin da duk ya yi laushi don sha'awa, sai ta kwashe da dariya.

"Auta, ai wannan yaye ne. Bar mani ita, ka yi tahiyarka."

Ta fara da abin da ta sani. Ta lura yarinyar takan lashi yatsa kafin ta buɗe shafi, don haka ta jiƙa maɗaci ta bi gefen shafukan tana ɗiɗɗigawa. Tasalla ta lasa, ta yamutsa fuska, ta tofar, ta yi wa kakarta wani kallo, sannan ta samo tsinke ta ci gaba da buɗe hotunanta hankali kwance. Kulu ta karɓi littafin don ta ga ko maganin ne ya yi kaɗan, ta manta ta lashi nata yatsan. Ranar yini ta yi tana tofe-tofe, maƙwabta na dariya har da riƙe ciki.

Abin ya ci mata rai ƙwarai. Amma da ta nutsu sai ta tuna ɗaci kaɗai bai taɓa yaye mata yaro ba, kunun ne yake aikin. Ranar kasuwar Batsari ta yi sammako, ta nemi Sammani, mai shimfiɗa littattafan Zariya a tabarma kusa da tasha. Kulu ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma ta san ba a sayen daddawa sai an sansana. Ta zauna daram ta ce ya ɗanɗana mata farkon kowanne.

Na farko rubutunsa ƙanana ne kamar tururuwa, labarin yaƙe-yaƙen da. "Wannan tuwon dawa ne, na masu haƙori," ta ce. Na biyu duk nasiha ce kan wanke hannu da yanke farce. "Wannan magani ne, ajiye shi." Sai ya jawo wasu guda uku, ya ce 'yan uwan juna ne, labari ɗaya suke ja, an yanka shi gajere-gajere. Ta buɗe su da kanta. Rubutu manya, na farko da hoto nan da can, na biyu jefi-jefi, na uku ba ko ɗaya.

"Wanda ya yi wannan ya taɓa yaye yaro," ta ce. "Karanta mu ji."

Labarin wata yarinya ce, Asta, da akuyarta mai kwaɗayi, wadda ta bi ƙamshin gyaɗa ta haye bayan wata babbar mota. Asta ta hango ta, ta zubar da tulu ta kwasa da gudu, direba ya tayar da mota. Nan Sammani ya rufe littafi.

"Sai mi ya faru?"

"Babin farko ya ƙare, Inna. Ga masu saye na jirana, ke kuwa kina da mai karatu a gida."

Ta roƙe shi, ta yi masa barazanar cewa ta san wadda ta yaye shi, ya ƙi. Ta ƙulle ukun a gyale ta kamo hanya tana faɗa da direban da ba ta taɓa gani ba, gishirin da ta yi niyyar saye ma sai a gida ta tuna da shi.

Dabarar da ta shirya a hanya duk ta watse. Tana isa gida ta roƙi Tasalla, roƙo na gaskiya. "'Yar nan, don Allah duba mani, ko akuyar nan ta sauka?"

Tasalla ta nemi hoto, babu a shafin. Ta sa yatsa tana ja. "A-ku-yar... ta... le-ƙo..."

"Ta leƙo ina? Ke, yi sauri mana."

Haka suka yi ta fama, mai karatu na gumi, mai sauraro na tsalle a kan tabarma. Kafin yarinyar ta gaji babin ya ƙare, kuma ya ƙare a inda ba a iya tsayawa. Tuwo ya ƙone. Matan unguwa suka fara zuwa da tsintar wakensu, ana gardamar ko akuyar za ta kai Katsina. Suna cikin littafi na biyu Tasalla ta gane darajarta, ta ce ba ta iya karatu da wanke-wanke a jiki, Kulu ta wanke kwanukan tana ƙunƙuni. Da suka shiga na uku, ba wanda ya lura hotuna sun ƙare.

Hutu na gab da ƙarewa Salmanu ya dawo. Shi da Kulu suka tarar da Tasalla a inuwar rumbu, littafi a buɗe a cinya, baki a rufe gam. Ya kira ta, ba ta ɗago ba. A wurinsu karatu da murya ake yinsa, wanda ya yi shiru ya kasa ne.

"Kin gani ko, Inna? Kallonsa kawai take."

Kulu ta buɗe baki za ta kare ta, sai Tasalla ta tuntsire da dariya ita kaɗai, har da buga ƙafa.

"Kaka, an gano akuyar. A kicin ɗin asibiti, tana cin kabejin likita."

Salmanu ya nuna wani layi da yatsa ya ce ta faɗa a fili. Ta zubo shi tiryan-tiryan ba gargada, ta wuce na gaba. Ya cire hula ya mayar, sai dariya. Ya ce gonar wake ta nemi wani, makaranta kam an koma.

Kulu ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Sai kuma ta katse guɗar. Tun daga tabarmar Sammani take bin akuyar nan, ashe an je an gano ta ba ita. Abin ya yi mata zafi da gaske, hawaye suka zubo mata ba kunya.

"Yanzu a cikinki kike karantawa? Kika tahi kika bar ni a hanya?"

Ta fizge igiyar jakin daga hannun Salmanu, ta ɗaure a turke, ta ce ba inda za su yau. Ta gyara zama a gindin rumbu, ta share fuska da gefen zane.

"Koma inda kika aje ni," ta ce. "Kuma ki buɗe baki."