Na'urar da ta manta inda Yaya Sanusi yake tsaye

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Sanusi, kuma har yau in aka dawo da wuta yara suka ɗauki ihun murna a unguwarmu ta Zongo, ni shi nake tunawa.

A wani gidan yankan katako na unguwar Sofoline yake aiki. Shi ya nuna mini enkoda: ɗan faifai mai tsaga-tsaga da ke juyawa tare da inji, haske na leƙowa ta tsagar, wani akwati na ƙirga kowace ƙyaftawa yana kai wa kwamfuta. Da saurin ƙirgar ake sanin gudun injin, da yawanta ake sanin inda keken da ke ɗaukar gungumen icce ya kai. Ya ce mini, “Hajara, abin nan ba ya gani, ƙirga kawai ya iya. In wuta ta ɗauke ya manta komai. Sai an mai da keken farkon layi ya fara daga sifili.”

Mastansu, wato shugabansu a wurin aiki, ya hana a tsaya mai da keken farkon layi. Wai dumso, ɗauke-ɗauken wutar nan, ta ci rabin yini, ba za a ƙara ɓata lokaci ba. Ranar da abin ya faru na kai wa Yaya waakye, shinkafa da wake, ina tsaye a ƙofa wuta ta dawo. Aka danna maɓallin tayar da inji. Akwatin ya ɗauki tsakiyar layi a matsayin farko, keken ya wuce inda ya saba tsayawa. Nan Yaya yake, ya duƙa yana kwashe dusar katako.

A zaman makoki kowa sai “ƙaddara ce”. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ce ta ce a danna? An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnen masta ya ji, jikin wani ne bai tsira ba. Da Yaya zai leƙo yau, zai ga an sake fenti, an sake ma'aikata, hali yana nan.

Yanzu ina kan injin ledar piya wata a unguwar Dichemso, shi ma da enkodarsa. Albashina ke riƙe da Mma, mahaifiyarmu. Makon jiya wuta ta dawo, wata abokiyar aikina na gyara leda kusa da wuƙar injin, mastana ya ce, “Ke, danna mana!”

Na ce, “Masta, sai ta cire hannu, sai na mai da shi sifili.”

Ya ce in na sake yi masa haka in nemi wani aiki. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Yaya bai rasu ya bar gida ba, bai bar ɗa ba. Wannan taurin kan ya bar mini. Gobe ma in wuta ta dawo, daga sifili zan fara. Allah ya jiƙan ka, Yaya.